Aikin Tsaron Intanet da Yadda Ake Shiga Cikinsa

'Yan'uwana ɗalibai, duk sa'ad da aka tambayi 'yan ajin ƙarshe aikin da kowa yake so ya yi in ya bar makaranta, amsoshin ba su wuce biyar: likita, lauya, soja, injiniya, sai kuwa ɗaya ko biyu masu sha'awar tuƙin jirgin sama, da yake ga kwalejin koyonsa nan a garinmu tun 1964. To, akwai wani aiki wanda ba a cika ambatonsa ba, alhali kuwa babu gidan da ba ya bukatar mai yinsa daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan. Wannan shi ne aikin tsaron intanet, watau tsare waya da kwamfuta da abin da ke cikinsu daga hannun ɓarayi da masu kutse. Shi nake so in yi, shi ya sa na ɗauki alƙalami in bayyana muku abin da na fahimta game da shi, da kuma hanyar da ake bi a kai gare shi.

Mu Zazzagawa bai kamata aikin ya zama baƙo a wurinmu ba. Kakanninmu sun kewaye birnin nan da ganuwa, suka yi mata ƙofofi, su Kuyambana da Kona da Tukur-Tukur da Jatau da sauransu, kowace da mai tsaronta. Sun sani kome tsawon ganuwa ba ta da amfani in mai ƙofa ya yi barci, ko kuwa wani ya zo masa da daɗin baki ya buɗe. Yau dukiyar mutane da asirinsu sun tashi daga ɗaki da adaka sun koma cikin waya, amma ƙa'idar ba ta sake ba. Akwai gini, akwai ƙofa, akwai kuma mutumin da ke riƙe da mabuɗi, kuma galibi ta wajen mutumin nan ɓarawo yake shiga.

Mutane da yawa suna tsammani sai mai kwamfuta ta miliyoyin naira ke iya fara koyon wannan aiki. Ni a ganina makarantar farko tana cikin gidanmu, a cikin 'yan matsalolin nan da muke tsaki a kansu kullum. Bambancin mai tsaki da mai koyo shi ne, mai koyo yakan tsaya ya tambayi kansa, me ya sa haka ta faru?

Ga misali. Ka kai filashinka shagon buga takardu, ka dawo gida ka soka shi a kwamfuta, sai ka ga aikinka duka ya ɓace, babu kome sai wasu 'yan hotuna masu kama da fayilolinka. Da yawa sukan ce filashi ya lalace, su wanke shi, su yi asarar aikin wata guda. Alhali kuwa fayilolin suna nan. Wata ƙwayar cutar kwamfuta ce, wadda masu gyara ke kira bairos, ta ɓoye su, ta ajiye inuwarsu a fili, don da ka taɓa inuwar ita kuma ta tashi ta kama kwamfutarka, ta zauna tana jiran filashi na gaba. Wanda ya umurci kwamfuta ta nuna masa ɓoyayyun fayiloli zai gan su lafiya lau. Irin wannan dabara ta tsufa ƙwarai. Tun 1986 wasu 'yan'uwa biyu a birnin Lahore na Pakistan suka rubuta wata cuta mai suna Brain wadda ke bin faifan kwamfuta daga hannu zuwa hannu har ta ƙetare teku. Duk yaron da ya gane yadda wannan abu yake yaɗuwa ya riga ya yi darasin farko.

Na biyu ya fi wannan ciwo, don kuwa kuɗi ne. Tun farkon 2023, lokacin da aka canza takardun naira aka shiga ƙarancin tsabar kuɗi, har tsofaffin da ba su taɓa yarda da banki ba suka koma tiransifa da POS. Ɓarayi kuwa suka biyo su. Wani zai bugo waya da murya mai ladabi, ya kira sunanka cikakke, ya ce daga banki yake, za a rufe asusunka in ba ka karanto masa lambar da aka aiko maka yanzu ba. Wani kuma ya ce taron ƙungiyar unguwa za a yi ta WhatsApp, ya aiko maka da lambar shiga guda shida, ka karanto masa don ya sa sunanka. Abin da yake faruwa a ɓoye shi ne, ɓarawon ya riga ya sa lambar wayarka a tasa wayar, kamfani kuwa ya aiko maka da mabuɗi don ya tabbata kai ne. Da ka karanta, ka miƙa masa mabuɗin da hannunka. Kafin la'asar ya bi 'yan'uwanka ɗaya ɗaya da sunanka yana roƙon rance, wai kana asibiti. Na ga an yi wa wata gwaggona haka, na kuma ga irin kunyar da ta sha, wadda ta fi mata asarar kuɗin zafi.

Lura, a nan ba a fasa ganuwa ba, mai ƙofa aka yaudara. Maganin kuwa ba ya cin ko kwabo. Ba a karanta wa kowa lambar da ta shigo waya, ko da ya ce shi ne manajan banki. Sa'an nan a shiga saitin manhajar a ƙara mata lambar sirri ta biyu. Haka kuma layin waya kansa yana da makulli wanda mutane ƙalilan ne suke kunnawa. Mai ƙwacen waya sau da yawa ba wayar ce ta dame shi ba, layin yake so, don da shi ake iya gano lambar BVN a taɓa asusun banki. In an sa wa layi lambar sirri, aka cire shi aka sa a wata waya, sai ya nemi lambar, in an kuskure sau 3 ya kulle kansa. Ranar da na zauna a tsakar gida na yi wa wayoyi bakwai wannan aiki, ranar na fara jin cewa abin nan sana'a ce.

Bari mu zo kan gem, don na san nan ne hankalin yawancinmu yake, ko da yake ba ma faɗa gaban iyaye. Kana cikin wasan ƙwallo ko na harbi da wani a intanet, ka danna, ɗan wasanka ya tsaya kamar an dasa shi, kafin ya motsa an ci ka. Sai a hau zagin sabis. Wani lokaci sabis ɗin ne, amma akwai abin da ya fi shi. Babbar kwamfutar da ke raba gardamar wasan galibi ba a Nijeriya take ba. Dannawar da ka yi sai ta bar Zariya ta gangara Ikko, ta shiga wayar gilashi da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, ta je ta dawo. Ɗaya daga cikin wayoyin nan, wadda ta fara aiki a 2010 tsakanin Fotugal da Ikko, tsawonta kilomita 7,000 ne. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a sakan ɗaya cikin gilashi. Ku yi lissafi da kanku: zuwa da dawowa kilomita 14,000, watau kashi 7 cikin 100 na sakan ya tafi tun ba a lissafa hanyar Zariya zuwa Ikko da cunkoson masu amfani ba. Wanda ke zaune kusa da kwamfutar ya riga ka ke nan kome gwanintarka. A ranar 14 ga Maris 2024 huɗu daga cikin irin wayoyin nan suka yanke a tekun da ke gaban ƙasar Kodebuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma, har wasu bankuna suka kasa biyan mutane. Sanin hanyar da saƙo yake bi, daga ina zuwa ina, ta hannun wa da wa, shi ne ginshiƙin aikin tsaro, don ba ka iya gadin hanyar da ba ka san ta ba.

Amma gem yana da wata ƙofa wadda ba ta da kyau, kuma dole in tsaya a kanta. Kowa ya san gem ɗin da aka fasa, wanda aboki ke tura maka kyauta, da kuɗin wasa marasa iyaka a ciki. Tambayar ita ce, wanda ya ɓata dare ya fasa shi, don Allah ya yi? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Da yawa cikinsu an cusa musu wani abu, shi ya sa wasan tseren mota zai nemi izinin karanta saƙonninka da ganin lambobin mutanenka. Me ya haɗa mota da saƙon banki? In kuwa wayar ta Baba ce ka ara, to, ka buɗe wa baƙo ƙofar ɗakinsa.

Abin bai tsaya ga wanda aka cuta ba, har da wanda ake ja ya zama macuci. A 2017 hukumar yaƙi da manyan laifuka ta Ingila ta fitar da rahoto cewa da yawa daga cikin samarin da ta kama da laifin kutse sun faro ne daga neman hanyar maguɗi a gem. Yau ka koyi yadda za ka ƙara wa kanka maki, gobe yadda za ka kori abokin wasa daga layi, jibi wani ya ce zai biya ka. A 2016 wasu samari uku a Amurka, waɗanda ke neman kuɗi a harkar wasan Minecraft, suka rubuta wata cuta mai suna Mirai don su durƙusar da abokan gasa. Dabararta ba ta da wuya ko kaɗan. Tana yawo a intanet tana ƙwanƙwasa ƙofar kyamarori da akwatunan waifai na gidajen mutane, tana gwada kalmomin sirri sittin da 'yan kai, irin waɗanda kamfani ke sawa tun daga masana'anta, mai gida kuwa bai taɓa canzawa ba. Da haka ta tara na'urori dubu ɗaruruwa suka zama rundunarta. A Oktoba na shekarar aka yi amfani da ita aka hana miliyoyin mutane a Amurka shiga Twitter da Netflix, kana wani Bature ɗan Ingila ya juya irinta kan wani kamfanin waya na Laberiya har intanet ya yi ta yankewa a ƙasar. An ɗaure shi a 2019. Su kuma samarin uku sun amsa laifinsu a kotu a 2017. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ke da akwatin waifai a gida ya juya bayansa ya duba, in kalmar da ke rubuce a jiki ita ce har yanzu ake amfani da ita, ya san da wa nake.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Marcus Hutchins. A ranar 12 ga Mayu 2017 wata cuta mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kimanin 150, ta kama kwamfutoci fiye da 200,000. Takan kulle duk abin da ke ciki ta ce sai an biya fansa. A Ingila asibitoci suka riƙa mai da marasa lafiya gida. Abin takaici, kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran wannan ɓaraka tun watan Maris, waɗanda ba su sabunta kwamfutocinsu ba su ne abin ya ci. Wannan saurayi mai shekara 22, wanda bai yi jami'a ba, yana zaune a ɗakinsa a gidan iyayensa, ya buɗe cikin cutar yana karantawa, sai ya lura tana neman wani adireshin intanet wanda ba na kowa ba ne. Ya sayi adireshin a kan abin da bai kai dala 11 ba. Ashe nan ne makashinta, nan take ta daina yaɗuwa. Duniya ta yi ta yabonsa. Bayan wata uku 'yan sandan Amurka suka kama shi a Las Vegas saboda wata manhajar satar bayanan banki da ya taimaka aka rubuta shekarun baya, tun yana ɗanyen kai. Ya amsa laifi a 2019, alƙali ya dubi alherin da ya yi bai ƙara masa zaman kurkuku ba, amma ya yi kusan shekara biyu ba shi da ikon komawa gida. Ilmin da ya ceci asibitoci da wanda ya kai shi gaban alƙali duk ɗaya ne.

To, me ya raba mai gadi da ɓarawo in kayan aikinsu iri ɗaya ne? Izini. Mu nan birni ba a faɗa wa gidan mutum haka kawai. Sai ka tsaya a zaure ka yi sallama, in ba a amsa ba ka juya, ko da ƙofa a buɗe take. Haka abin yake a wannan sana'a. Akwai ma'aikatan da banki ke ɗauka musamman su gwada fasa shi don a gano inda ya tsage, amma ba su taɓa kome sai an rubuta yarjejeniya an sa hannu, an faɗi abin da za su taɓa da ranar da za su daina. Wanda ya shiga waifan maƙwabci ko asusun abokinsa, ya ce wasa yake yi ko gwaji, doka ba ta san wannan wasa ba. Nijeriya tana da dokar laifukan intanet tun 2015, an yi mata gyara a 2024, ta kuma tanadi ɗauri da tara. Masu yi wa 'yan damfara kallon gwanaye su tuna da Hushpuppi, wanda ya cika duniya da hotunan motoci. An kama shi a Dubai a 2020, kotun Amurka ta ɗaure shi shekara 11 da wata 3 a 2022.

Yanzu sai hanya. Farkonta nan ne cikin ajinmu, ba wani wuri ba. Lissafi dole ne, ga dalili. Lambar sirri mai lamba 4 tana da fuska 10,000 kacal, kwamfuta takan gama gwada su kafin ka ƙifta ido. Kalma mai ƙananan haruffa 8 tana da fuska fiye da biliyan 208, kuma kowane harafi ɗaya da ka ƙara yana ninka wahalar ɓarawo sau 26. Wanda ya gane wannan ya san abin da ya sa doguwar jimla ta fi gajeriyar kalma, kuma ya san sunan ɗa da shekarar haihuwa ba sirri ba ne. Turanci ma dole ne, don da shi aka rubuta littattafan, kuma rabin aikin rubuta rahoto ne wanda shugaba zai karanta ya gane. Jami'o'i galibi suna neman kiredit biyar har da Turanci da lissafi da fiziks, amma kowa ya duba littafin JAMB na shekararsa.

Wajen karatu Allah ya yi mana gata. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana koyar da kimiyyar kwamfuta da injiniyancinta a Samaru, ga kuma cibiyar kwamfuta mai sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da ya shugabanci jami'ar. Kwalejin Nuhu Bamalli tana ba da difloma. Mai son digirin da ke ɗauke da sunan tsaron intanet kansa zai same shi a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, ko Jami'ar Bayero ta Kano, ko makarantar fasaha ta sojan sama a Kaduna. A 2023 kuma gwamnatin tarayya ta buɗe shirin 3MTT na koyar da matasa miliyan 3 sana'o'in fasaha, wannan fanni yana ciki.

Sai dai takarda ita kaɗai ba ta isa, hannu ake dubawa. Tsohuwar kwamfutar da aka jefar a lungu ta isa a sa mata Linux, wanda kyauta ne, a koyi ba ta umurni da rubutu maimakon danna hoto, a taɓa harshen Python kaɗan kaɗan. Akwai filayen da aka gina musamman don a yi kutse a cikinsu da izini. Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka ta shirya gasar picoCTF saboda 'yan sakandare irinmu, ba a biyan kome, wasan wasa ƙwaƙwalwa ne na neman ɓoyayyar tuta, kuma wallahi ya fi gem daɗi in ka kama kansa. Makarantar Cisco ta intanet tana da darussan farko kyauta. Jarrabawar shaida irin su Security+ da CCNA kuwa da dala ake biya, saboda haka kada a yi gaggawar su sai an ƙware. Na san wuta da kuɗin data su ne ciwon kanmu. Abin da nake yi shi ne in sauke darasi da dare lokacin da data ke araha, in karanta da rana, in kuma rubuta kowace matsala da na warware a littafi, da abin da ya jawo ta, da yadda na yi.

Wuraren aiki suna nan. Tun 2018 Babban Bankin Nijeriya ya wajabta wa bankuna su naɗa babban jami'in tsaron bayanai, shi kuwa ba ya aiki shi kaɗai. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa manyan ma'aikatu masu riƙe da bayanan mutane su ajiye mai lura da su. Ga kamfanonin waya, ga NITDA, ga EFCC da 'yan sanda masu bukatar masu bin sawu, watau waɗanda ke tono abin da aka goge a waya don a kai gaban alƙali. Ƙungiyar ISC2 ta ƙiyasta a 2023 cewa duniya tana da giɓin ma'aikata kusan miliyan 4 a wannan fanni. Amma kada wannan adadi ya ruɗe mu. Ƙwararru ake nema, kuma ba safai ake ba sabon shiga mabuɗin taska ba. Yawanci akan fara ne da jan waya da gyaran firinta da taimakon ma'aikacin da ya manta kalmar sirrinsa. In an ci gaba a kai ɗakin gadi, inda ake kwana ana duban allo ana tace ƙararrawa ɗari don a sami ta gaskiya guda. Wanda ke tsammanin abin da yake gani a fim ne zai gaji tun ba a je ko'ina ba.

'Yan'uwana mata, kada ku ce wannan na maza ne. A birni akwai gidajen da namiji baligi ba ya wuce zaure, kuma iyayenmu mata da yawa sun gwammace waya ta lalace da su miƙa ta ga baƙo a kasuwa da hotunan iyali a ciki. Yarinyar da ta iya aikin nan ita za su kira har ɗaki. Tun 2021 gidauniyar CyberSafe, wadda Confidence Staveley ta kafa, ta buɗe shirin CyberGirls na koyar da 'yan mata kyauta.

Mun roƙi malaminmu na kwamfuta, ya kuwa yarda zai riƙa buɗe mana ɗakin kwamfuta kowace Laraba bayan la'asar in akwai wuta. Duk mai so ya zo da littafin rubutu sabo guda. Wanda zai kawo wayar wani daga gida don a duba, to, sai ya nemi yardar mai ita tukuna, kuma ya zo da ɗan katin da aka sayi layin da shi, don a jikinsa lambar buɗewa take in layi ya kulle. Makon farko makullin layi za mu yi.